SHARHI: Me ya sa saƙo ke shigowa amma ba ya fita a kasuwannin Adar?

Duk mai saye da sayarwa a babbar kasuwar Tawa ranar Lahadi, ko a kasuwannin Barmu, Tabalak da Abalak, ya san wannan matsala. Salula tana nuna rezo ya cika, saƙonnin mutane suna ta shigowa, amma da zarar 'yar kasuwa ta ɗauki hoton buhun albasa ko ta naɗi murya a WhatsApp domin aika wa abokin cinikinta na Yamai ko Abijan, sai saƙon ya tsaya yana juyi. Kafin ya tafi, wani ya riga ta yanke farashi.

Domin gane dalili, sai a san cewa hanyar salula biyu ce: akwai ta saukowa daga antene zuwa waya, akwai ta hawa daga waya zuwa antene. Sandunan rezo da muke gani a fuskar waya ƙarfin muryar antene kawai suke aunawa. Antene tana bisa dogon ƙarfe, tana magana da ƙarfin wat gomomi, ita kuwa wayar hannu iyakar ƙarfinta a tsarin 4G bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na wat guda ba. Kamar mai shela ne da lasifika bisa mota: kana jin sa daga nesa, amma in ka amsa shi ba ya jin ka. A ƙasar Adar, inda duwatsu da kwaruruka irin na Keita da Buza ke tare sigina, kuma garuruwan arewa ke nesa da juna, wannan rauni ya fi tsanani.

Mu ma'aikatan rediyo mun san cewa kowace tasha tana da mitarta, in biyu suka hau mita ɗaya babu wadda za a ji. Haka abin yake ga salula, sai dai ita antene ɗaya ce ke raba 'yar mitar da take da ita tsakanin ɗaruruwan wayoyi, kuma a 4G tana sake rabon sau dubu a cikin daƙiƙa guda. Kafin ta raba, kowace waya tana aika mata wata gajeriyar siginar gwaji, wadda mai waya ba ya ji ba ya gani. Da wannan gwaji antene ke gane ta wane gefen mita muryar wayar ta fi fita tas, sai ta ba ta wuri a can, kamar yadda sarkin kasuwa ke duba kayan kowa kafin ya nuna masa rumfa.

A nan ne sassaucin rabo yake da amfani. Wayar da ke kusa da antene tana iya baza gwajinta a kan faɗin mita gaba ɗaya. Wadda ke nesa, a bayan dutse ko a rugar makiyaya, ba ta da wannan ƙarfi, saboda haka ake umartar ta ta tara ƙarfinta a kan ɗan yanki, ta riƙa tsallakawa daga yanki zuwa yanki har ta zagaye. To sai dai wurin gwajin ma yana da iyaka. Ranar kasuwa, da wayoyi suka yi cunkoso ƙarƙashin antene ɗaya, kowace waya sai ta daɗe kafin layi ya zo kanta, antene ta yi rabo da tsohon labari, saƙo ya lalace a hanya a sake aikawa. Injiniyoyin duniya sun ƙara sassauta wannan tsari a 5G, amma da abin da ke cikin tukunya za a yi tuwo: in mitar kaɗan ce, dabarar rabo ba ta ƙara ta.

Abin tambaya a nan shi ne, wa ke riƙe da mitar? Dukiyar ƙasa ce, gwamnati ke ba da lasisinta, hukumar ARCEP, wadda ta gaji ARTP a shekarar 2018, ke sa ido. Tun da Celtel ta fara aiki a Nijar a 2001, ta zama Zain a 2008, sannan Airtel a 2010, kasuwar ta sauya fuska sau da yawa. Orange ta shigo a 2008 ta sayar da kamfaninta a 2019, shi ne ya zama Zamani Telecom. Sonitel da SahelCom sun haɗe a 2016 suka zama Niger Telecoms, ga kuma Moov Africa. An ba da lasisin 4G na farko a 2018. Hukumar ta ci kamfanoni tara saboda rashin ingancin aiki a 2017, ta sake yi a 2023, amma kuɗin tara ba ya kafa antene a Tilliya ko Tasara.

Mitoci kuma ba daraja ɗaya gare su ba. Na ƙasa, irin su megahaz 800 da 900, suna tafiya nesa suna ratsa bangon laka, yayin da 1800 da 2100 ke ɗaukar kaya da yawa amma ba sa nisa. Birni kamar Yamai yana iya rayuwa da na sama domin antenoni sun yi yawa. Arewacin Adar da Azawak na ƙasan suke buƙata. Ga kuma matsalar wuta: lokacin da Nijeriya ta yanke lantarki a watan Agusta na 2023, kowa ya ga yadda rezo ke rataye ga gazuwal da hasken rana.

A ganina abubuwa uku ya kamata 'yan kasuwar jahar Tawa su nema da murya ɗaya. Na farko, in hukuma za ta auna ingancin rezo, ta auna aikawa ba saukowa kaɗai ba, kuma ta yi awon ranar kasuwa da hantsi, ba ranar da rumfuna suke wayam ba. Na biyu, a bayyana sakamakon gari-gari a gidajen rediyo da Hausa da Tamajak da Fulfulde, domin mai sayen layi ya san wanda ke aiki a garinsu. Na uku, duk kamfanin da aka ba mitocin ƙasa a ɗaura masa sharaɗin kai su karkara cikin wa'adi sananne. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 domin shirin kai sadarwa ƙauyukan Nijar, saboda haka haƙƙin talakan Adar ne ya tambayi garuruwa nawa na yankinsa suka amfana.

Kafin nan, ga 'yar shawara ga iyayenmu mata da 'yan'uwa 'yan kasuwa. A aika hotunan kaya da sassafe kafin kasuwa ta cika. Hoto ɗaya ya fi bidiyo saurin tafiya, rubutu ko gajeriyar murya sun fi duka. A fito daga ƙarƙashin rumfar kwano in za a aika. In kuma batun kuɗi ne, ko daga ɗan ci-rani ko daga abokin ciniki, kada a saki kaya sai an ga saƙon tabbaci ya shigo.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su rubuta kokensu da sunan gari da rana da lokaci su kai wa hukuma, domin koken da ke a rubuce shi ake iya bin sawunsa. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.