Wa zai gaji masu fafutukar haƙƙin mata-maza?

Sally Gross ta rasu a birnin Cape Town a watan Fabrairun 2014, bayan ta sha fama da jinya da rashin abin hannu, har sai da abokai suka riƙa yi mata karo-karo. Ita ce ta kafa ƙungiyar Intersex South Africa, kuma da faɗi-tashinta ne majalisar Afirka ta Kudu ta gyara dokar daidaito a 2005, ta sanya mata-maza cikin waɗanda aka haramta nuna wa wariya. Ta goge tun a gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata, ta san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa da wadda ake turawa. Amma da ta bar duniya, ƙungiyar ta yi tsit, sai a wajen 2017 aka samu waɗanda suka farfaɗo da ita.

Wannan ita ce babbar lalurar fafutukar mata-maza a Afirka: aikin ya rataya a wuyan mutane ƙalilan, kuma ba a cika tanadar magada ba. Horar da sabbin jagorori ya fi duk wani taro muhimmanci, muddin horon na gaske ne.

Mata-maza su ne waɗanda aka haifa da al'aura, ko mahaifa da 'ya'yan maraina, ko sinadaran jiki da ƙwayoyin halitta, waɗanda ba su faɗa tsaf a sahun namiji ko na mace ba. Wasu ana ganewa tun ranar haihuwa, wasu sai lokacin balaga, wasu kuma sai an yi aure haihuwa ta ƙi zuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kiyasta cewa za su iya kai kashi 1.7 cikin 100 na jama'a, idan aka haɗa dukkan nau'o'in. Duk da haka masu fitowa su yi magana ba su taka kara sun karya ba. Taron farko na mata-maza na Afirka, wanda aka yi a Johannesburg a Nuwamban 2017, mutum 22 ne suka halarta daga ƙasashe 7. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da aka raina cikin rufa-rufa, aka hana shi wanka da sa'o'insa, ya bar makaranta saboda tsangwama, da wuya ya tashi da ƙarfin zuciyar tsayawa gaban kwamitin majalisa.

Kenya ta nuna tsawon tafiyar. A 2010 kotu ta ba wani fursuna mata-maza diyya saboda wulaƙancin da aka yi masa a gidan yari. A 2014 babbar kotu ta ba da umarnin a yi wa wani yaro ɗan shekara biyar takardar haihuwa, yaron da asibiti ya sanya wa alamar tambaya a gurbin jinsi. A 2017 gwamnati ta kafa kwamitin bincike, a 2019 ƙidayar jama'a ta buɗe musu gurbinsu, karo na farko a Afirka, a 2022 kuma dokar yara ta ambace su, aka naɗa Dokta Dennis Wamalwa, wanda shi ma mata-maza ne, kwamishina a hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar. Shekara goma sha biyu ke nan ana miƙa aikin daga hannu zuwa hannu: lauya, iyaye, 'yan majalisa, sannan su kansu masu abin. Amma ƙidayar ta samo mutum 1,524 ne kacal cikin jama'a fiye da miliyan 47. Gurbi a takarda bai sa uba ya gaya wa malamin ƙidaya sirrin gidansa ba. Shawo kan irin wannan uba aiki ne na wanda ke zaune a garin, wanda aka sani aka yarda da shi.

To me za a koya wa sabon jagora? Na farko, ilimin jiki. Akwai wani nau'i da ke tasowa daga ƙullutun da ke saman ƙoda: jaririya mace ta zo da al'aura mai kama da ta namiji, a yanka rago a raɗa mata sunan namiji, a mako na biyu ko na uku ta fara amai, ta ƙi kama nono, jikinta ya bushe saboda gishirin jini yana zubewa. Idan ba a kai ta asibiti ba tana iya mutuwa, alhali maganin da za ta riƙa sha kullum yana nan. Wannan gaggawa ce. Tiyatar gyaran kamanni kuwa, wadda ake yi wa jariri don kawai hankalin manya ya kwanta, tana iya jira, domin abin da aka yanke ba ya dawowa, kuma balaga takan zo ta ƙaryata zaɓin da aka yi. Malta ce ta fara hana irin wannan tiyata ba da yardar mai jikin ba, a 2015. Mai fafutukar da bai iya bambance waɗannan biyun ba zai iya jawo asarar rai, ko ya sa likitoci su daina sauraronsa.

Na biyu, doka da takardu. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta zartar da ƙuduri mai lamba 552 a 2023, ta nemi ƙasashe su dakatar da tiyatar da ba ta zama dole ba, su kuma sauƙaƙa gyaran takardun haihuwa. A Afrilun 2024 majalisar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi nata na farko, ƙasashe 24 suka goyi baya, 23 suka ƙaurace, babu wadda ta ƙi. Irin waɗannan ƙudurori ba sa aiki da kansu. Sai an samu wanda zai ɗauke su ya shiga da su ma'aikatar lafiya.

Na uku, kuma a ƙasar Hausa shi ne kan gaba, sanin addini da al'ada. Malaman fikihu sun yi maganar khunsa, wato mata-maza, tun ƙarnoni da suka wuce, sun duba mafitar fitsari da alamomin balaga, sun kuma ware wanda lamarinsa ya rikice. A mazhabar Malikiyya irin wannan yana cin rabin gadon namiji da rabin na mace, kuma da wannan mas'ala ce littafin Mukhtasar na Khalil ya rufe. Wato shari'a ta san da su, ta ba su rabo. Jagoran da ya san wannan zai zauna da liman su yi magana a kan suna, sahun salla, aure da wankan gawa ba tare da an kore shi ba. Zai kuma iya amsa zargin da aka fi yi, cewa ai wannan luwaɗi ne aka canza masa riga, ta hanyar nuna cewa maganar halittar jariri ake yi, wadda babu wanda ya zaɓa wa kansa.

Masu cewa kuɗin waje ne ke juya harkar suna da abin kamawa. Yawancin tallafin daga ƙetare yake zuwa, yawancin horon kuma a otal ake yi, da Turanci, a raba takardar shaida a watse. Wanda ya fito daga can sau da yawa ba ya iya yi wa ungozoma ko wanzami bayani da harshen da suke ji. A Uganda, ƙungiyar mata-maza ta SIPD da Julius Kaggwa ya kafa a 2008 ta bi wata hanyar: ta nufi iyaye da ma'aikatan lafiya da shugabannin al'umma a inda suke. Ƙungiyoyi irin su Intersex Nigeria za su fi cin riba idan suka zuba ƙarfinsu ta nan.

Akwai kuma haƙƙin shi wanda ake horarwa. Bai kamata sharaɗin jagoranci ya zama tona asirin jikinsa a gaban kyamara ba. Wani zai iya riƙe asusun ƙungiya ko rubuta ƙorafi ba tare da unguwa ta san labarinsa ba. Yana kuma bukatar sana'a ko albashi, da wanda zai saurare shi idan abin ya yi masa nauyi.

A Najeriya, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke rajistar haihuwa. Duk shirin horon da ke neman a ɗauke shi da muhimmanci, ya fitar da mutum ɗaya ko biyu a kowace jiha waɗanda za su iya raka uwa zuwa asibitin koyarwa, su zauna da ita a gaban likita, sannan su bi ta ofishin hukumar idan takardar yaron ta bukaci gyara bayan ya girma.