Kafin 'Yan Jari-Bola Su Riga Mu

Kusan kowane gari a ƙasar Ɗambatta da Bichi ya yi mai hotonsa, wanda ke yawo ranar sallah da Yashica ko Zenit a wuya. Wayar hannu ta kashe kasuwar, fim ya yi wuyar samu, kyamarorin suka koma ƙasan akwati. Ga matasa kuma a Facebook suna kukan tsadar kayan aiki: mutum ya yi adashi ya sayi kyamara marar madubi ta hannu, irin su Sony a6000, sai a gaya masa kuɗin idon kyamara mai kyau, jikinsa ya yi sanyi.

To, idon da ke maƙale a tsohuwar kyamarar nan lafiyarsa ƙalau. Fim ne ya mutu.

A tsofaffin kyamarori akwai madubi tsakanin ido da fim, shi ya sa irin masu maɗaurin M42 ke da tazarar milimita 45 da ɗoriya. A Sony marar madubi tazarar milimita 18 ce kacal. Adafta ce ke cike giɓin, wani zoben ƙarfe ne kawai, ko gilashi babu a cikinsa. Da ita za ka ɗaura Helios 44-2, ɗan Tarayyar Sobiyet mai milimita 58, a kyamarar zamani, ka ga yadda yake narkar da bayan hoto har ganyen darbejiya ya riƙa juyawa kamar guguwa. Wannan da ake wahalar kwaikwaya da manhaja, shi haka aka ƙera shi.

Sai dai fa ba ya saita kansa. Da hannu za ka murɗa har fuska ta fito tas, ko da yake kyamarar na taimaka maka da ɗigon launi a gefen abin da ya saitu. Kada wani ya ce mun tura shi hawan sallah da shi, dawakai na sukuwa yana murɗe-murɗe. Amarya ma ba za ta karɓi uzuri ba idan hoton kamu ya fito dishi-dishi. A fara da abin da ke jira: dattijo yana ɗaurin damin gero, mai saƙar zana, masunta a dam ɗin Tomas da sassafe. Irin hotunan da ake ƙarancinsu ke nan, wallahi, don mun cika intanet da hoton gadojin birni alhali ƙauyukanmu babu mai ɗauka.

Idan za ka saya, haska shi da tocila ka duba fumfuna ko hazo a cikin gilashin, ka murɗa zoben ka ji ko ƙurar hunturu ta cije shi. Kuma ka biya baba mai hoto kuɗi na mutunci, ba na kilo ba kamar 'yan jari-bola. In ka yi sa'a ya zaunar da kai ya nuna maka yadda yake auna haske da ido, lokacin da fim ɗaya hoto 36 ne kuma kowanne da kuɗinsa.