Mazan Jiya Da Takardar Afil

Jama'a, duk wanda ya ci kasuwar Damagaram ko Maraɗi a dā ya san su: tsoho da lambar yaƙi a ƙirji, yana jan ƙafa, ko yana tarin da ya kwaso a sansanin soja. Su ne mazan jiya da Faransa ta ɗiba zuwa yaƙoƙinta.

To, ku ji sakayyar da aka yi musu. A watan Disamba 1959, da mulkin kai ya matso, Faransa ta yi doka ta daskarar da fenshon sojan ƙasashen da ta mallaka, har da kuɗin rauni da na ciwon da aka samo a bakin aiki. Na Bature yana hawa kowace shekara, na baƙar fata yana nan inda aka bar shi, alhali harsashi bai tambayi launin kowa ba.

Mu da muke rubuta wa talakawa takardun kuka mun san yadda abin yake. Ofis ya ce a'a, mutum ya naɗe takardarsa ya ce haka Allah ya so. Wasu kuwa ba su naɗe ba. Tsofaffin soja 743 na Sanagal suka kai ƙara gaban kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1989 aka ce su ke da gaskiya. Faransa ta toshe kunne. Sai wani saje, Amadou Diop, wanda ya yi soja daga 1937 zuwa 1959, ya nemi a daidaita fenshonsa. Aka hana shi, ya tafi kotu, aka yi ta afil har babbar kotun da ke shari'a tsakanin gwamnati da jama'a. Ran 30 ga Nuwamba 2001 ta yanke cewa bambanta tsohon soja saboda ƙasarsa haramun ne.

Duk da haka sai 2007 aka daidaita kuɗin rauni, sauran fensho kuwa sai 2011, bayan wata shari'ar. Wai gwamnati ta yi alheri! Ina alheri a biyan bashin da alƙali ya tilasta?

Saboda haka muna kira ga duk mai tsohon soja a gida, kowace tuta ya bauta wa: ku adana littafin sojansa da takardun likita, in an hana shi ku nemi dalili a rubuce, ku ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya wuce. Saje Diop kansa ya rasu tun 1996, bai ji hukuncin da ke ɗauke da sunansa ba.