Taya a Wuyan Kare, Fargaba a Bakin Lungu

Mu mazauna cikin Badala mun fara gajiya da wani sabon yayi. Da la'asar sai ka ga matashi ya fito da ƙaton kare, an rataya masa sarƙa mai kauri a wuya, yana jan tsohuwar taya. Harshe a waje, yawu na dalala, mai shi kuma yana ɗaukar bidiyon TikTok. Wai atisaye ake ba shi don ƙirji ya buɗe, tsoka ta murɗe. Mu a wurinmu wannan zalunci ne, kuma ba karen kaɗai ake zalunta ba.

Mu fara da dabbar. Boerboel daga Afirka ta Kudu ya fito, ƙosasshensa kan haura kilo 60. Rottweiler ɗan Jamus ne. Caucasian kuwa, mai gashi kamar bargo, asalinsa gadin tumaki yake yi a duwatsu masu tsananin sanyi. Ƙashin irin waɗannan karnuka ba ya gama ƙwari sai sun kai kamar wata 18, wasu har shekara 2, kuma da yawansu suna gadon ciwon gaɓar ƙugu. Wanda ya ɗaura wa kwikwiyo ɗan wata 6 taya, gurgu yake haɗawa da hannunsa. Sannan kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, jan nauyi na iya kashe shi nan take.

Mu ba baƙin kare ba ne. 'Yan farautarmu sun daɗe da shi. Dubi karensu: siriri ne, amma zai wuni yana gudu a daji. Tafiya ce ta gina shi, da sabo, da sanin muryar ubangidansa. Abin da masu yayin nan suka tsallake ke nan. Sun tara wa kare ƙarfi, ba su koya masa jin kira ba.

A nan abin ya shafe mu. Lungunanmu, daga gindin Dala zuwa bayan Kurmi, wani ko mutum biyu ba sa jerawa. Ta nan 'yan Islamiyya ke bi, da 'yan talla, da dattawa masu zuwa masallaci. Idan kare mai kilo 60 ya fizge daga hannun yaron da bai kai shi nauyi ba, ina mafaka? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Mai kuɗin sarƙa da naman kare, ya yi masa allurar rigakafi?

Za su ce don tsaro ne, ga 'yan daba, ga masu ƙwacen waya. Mun san da wannan, mu ma a garin muke kwana. Sai dai karen gadi biyayya yake buƙata kafin tsoka, kuma wurinsa gidan da yake gadi. Malamai sun yi rangwamen ajiye kare don farauta, kiwo da gona. Ba mu taɓa jin sun yi don burga ba. Addinin da ya ba mu labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi ba zai yarda a galabaitar da shi a rana don tara mabiya ba.

Buƙatarmu a fili take. A cire taya da sarƙa. A fita da shi da asuba ko bayan rana ta faɗi, a fili ba a lungu ba, da igiya da takunkumi, a hannun babba. A yi masa rigakafi, a adana takardar. Masu unguwanni su riƙa tambayar takardar nan, iyaye kuma su daina cewa harkar yara ce. Wanda ba zai iya ba, ya bar kiwon kare. Ba sai an kai ɗan wani asibiti za mu buɗe baki ba.