Darasin Bututun Alaska Ga Layin Man Fatakwal

Duk ɗan kasuwar da ke safarar shanu ko albasa daga Arewa zuwa unguwannin Hausawa na Fatakwal, Onica da Inugu ya san cewa kuɗin mota ne ke lashe riba. Daga cikin musabbabin wannan tsada akwai yawan tsayawar bututun da aka shimfiɗa don tura tataccen mai daga matatar Fatakwal, ta Aba da Inugu, zuwa Makurɗi. Da zarar ya tsaya sai a koma dakon mai a tankoki, hanyoyi su farfashe, farashi ya hau.

Akan ɗora laifin a kan wuyar tsaron dogon layi a cikin daji. Amma abin da ya faru a Alaska ta ƙasar Amurka ya raunana wannan hujja. A 1977 aka kammala bututun ɗanyen mai na kusan kilomita 1,300 daga Prudhoe Bay zuwa tashar jiragen ruwa ta Valdez, a kan kuɗi kimanin dala biliyan 8. Ƙasar wajen daskararriya ce, zafin mai na iya narkar da ita, saboda haka aka ɗora fiye da rabin bututun bisa ginshiƙai. A 2002 girgizar ƙasa mai tsanani ta jijjiga shi, bai fashe ba.

Sai dai babban darasin ya wuce gwanintar injiniyoyi. Tun a 1971, kafin a fara aikin, gwamnatin Amurka ta daidaita da 'yan asalin yankin, ta ba su filaye da diyyar kusan dala biliyan ɗaya. A 1976 kuma jihar ta kafa asusun ajiya daga kuɗin mai, wanda mazaunanta ke cin ribarsa.

A nan gida kuwa, gobarar Jesse ta 1998 da ta Osisioma kusa da Aba a 2018 sun nuna ƙarshen bututun da maƙwabtansa ba su ga amfaninsa ba. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta tanadi asusun raya al'ummomin da ake aikin mai a yankunansu. Ya kamata hukuma ta tabbatar ƙauyukan da bututu ya ratsa sun gani a ƙasa, a kuma ware kuɗin gyara kowace shekara. Ƙungiyoyin fatake da na direbobi su ma su matsa lamba, domin su ne ke biyan kuɗin wannan sakaci.