Taron Daren Talata da Maganin da Ke Ƙulle a Bakin Zani

 

Makon jiya wata mai juna biyu ta zo karɓar maganinta a asibitin da nake aiki. Ina miƙa mata robar, sai ta buɗe ta juye ƙwayoyin cikin leda, ta ƙulle a bakin zani, ta bar mini robar a kan tebur. Da na dube ta sai ta ce, "Sista, kishiyata ta iya karatu." Mota biyu take hawa kafin ta iso wurinmu, alhali akwai asibiti a unguwarsu. Tsoronta kada wani ya gan ta a layin masu karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki.

Bayan ta tafi na daɗe ina juya robar nan a hannuna. Ƙwaya ɗaya ce a rana, kyauta. Mutane da yawa sun mutu kafin a kai ga haka, kuma wani ɓangare na labarin ya faro ne daga wani zauren taro a birnin New York na Amurka.

Zauren yana cikin wata cibiya da masu neman jinsinsu, maza da mata, suka kafa a 1983 a wani tsohon ginin makaranta da ke layin West 13th Street. Na san wasu za su ce me ya kai ni can. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma tarihin maganin da nake rabawa kullum ya bi ta wannan gini. Idan na tsallake wurin, na yi muku ƙarya.

A watan Yuni na 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wasu samari biyar a Los Angeles da suka kamu da wani irin ciwon huhu da ba a saba gani ga mai ƙoshin lafiya ba. Daga nan mutuwa ta buɗe. Shekara shida ana binne matasa, babu magani. Akwai iyayen da suka ƙi karɓar gawar 'ya'yansu, akwai ma'aikatan asibitin da ke ajiye wa majinyaci abinci a bakin ƙofa su juya.

Cibiyar tana da al'adar gayyato baƙo ya yi jawabi a wata Talata cikin kowane wata. Ranar 10 ga Maris, 1987, baƙuwar da aka gayyata ba ta samu zuwa ba, sai aka ba marubuci Larry Kramer dama. Ya umarci kashi biyu cikin uku na mahalarta su miƙe tsaye, ya shaida musu cewa nan da shekara biyar mai yiwuwa duk sun mutu. Sannan ya tambaye su ko za su ci gaba da zaman jira. Bayan kwana biyu mutum kusan 300 suka dawo, aka kafa ƙungiyar ACT UP. Daga lokacin, duk daren Litinin zauren cike yake.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da suke yi a zaman nan. Wata mata mai suna Iris Long, masaniyar haɗa magunguna, matar aure ce daga unguwar Queens, ba ta da alaƙa da rayuwarsu, ta zo taron ta miƙe ta ce ba su san yadda ake gwada magani ba, amma za ta koya musu. Suka zauna suka koya. Masu zane, 'yan wasan kwaikwayo da ma'aikatan banki suka shiga karanta rahotannin bincike, har suka iya zama da likitoci ana musayar hujja.

A watan da aka kafa ƙungiyar ne gwamnati ta amince da AZT, maganin farko. Kuɗinsa kusan dala 10,000 a shekara. Ranar 24 ga Maris suka tare hanya a Wall Street, aka kama mutum 17. A watan Oktoba na 1988 sama da mutum 1,000 suka kewaye hedikwatar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, suka hana aiki yini guda, suna neman a gaggauta fitar da magani. A watan Satumba na 1989 wasunsu suka kutsa cikin kasuwar hannun jari ta New York. Bayan 'yan kwanaki kamfanin ya rage kashi 20 cikin 100 na farashin. Dakta Anthony Fauci, wanda Kramer ya taɓa kira mai kisan kai a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa, daga baya shi ya buɗe wa majinyata ƙofar kwamitocin da ke tsara gwajin magani. Mutanen biyu sun zama abokai har rasuwar Kramer a 2020.

Mata, ga inda labarin ya shafe mu kai tsaye. A farko, alamomin da hukuma ta amince da su a matsayin cutar ta kama mutum sosai, akasari na jikin maza ne. Mace sai ta mutu ba a rubuta ta cikin masu cutar ba, ta rasa tallafi, ba a sa ta cikin gwajin magani. Matan da ke zuwa taron Litinin suka shafe shekaru suna matsa lamba. A 1993 aka faɗaɗa ma'anar, aka shigar da sankarar bakin mahaifa, tarin fuka na huhu da ciwon huhu mai yawan dawowa. A 1994 bincike ya nuna AZT yana rage yiwuwar uwa ta sa wa jaririnta cutar da kusan kashi biyu cikin uku.

Ba zan ce su kaɗai suka yi aikin ba. Masana ne suka samar da haɗin magunguna uku da ya sauya komai a 1996. Kuma ko bayan haka, Afirka kallo kawai take yi saboda tsada, sai da masu cutar a Afirka ta Kudu suka kafa tasu ƙungiyar a 1998, kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin haɗin a kan dala 350 a shekara a 2001, aka kafa asusun Global Fund a 2002, shirin PEPFAR na Amurka ya biyo baya a 2003. Amma salon iri ɗaya ne: mai ciwo ya fito, ya san ciwonsa, ya haɗu da 'yan uwansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yau muna da abin da mutanen wancan zaure suka mutu suna nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a ɗauki mataki ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iyaye masu ƙwayar cutar za su kamu. Da magani, adadin yana komawa ƙasa da 5. Wanda ke shan maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar kwanciya. A Najeriya akwai dokar 2014 da ta hana nuna wa masu cutar bambanci. Duk da haka, binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.9 na ɗauke da ita, kuma da yawansu a ɓoye suke rayuwa kamar baƙuwata ta makon jiya.

Ɓoyon nan shi ke kashe mana mutane. Wadda ke ɓoye magani tana tsallake kwana idan baƙi suka cika gida. Idan ta yawaita tsallakewa, ƙwayar cutar ta saba da maganin ya daina aiki. Na ga haka ya faru, na kuma wanke gawar da bai kamata a ce ta mutu ba.

A asibitinmu akwai ƙaramin zama da masu karɓar magani ke yi sau ɗaya a wata a bayan ɗakin awo, kan benci huɗu. Na lura ranar da likita ya yi jawabi, kai kawai ake gyaɗawa. Ranar da wata uwa ta miƙe da goyonta ta ce shekararta tara tana shan magani, 'ya'yanta uku duk an gwada ba su da komai, tambayoyi ba sa ƙarewa har la'asar. Yadda za a faɗa wa miji, abin da za a ce wa uwar miji idan ta ga ana ba jariri maganin ruwa, yadda za a yi da azumi. Babu littafin koyon jinya da ya koya mini amsoshin da matan nan ke ba juna.

Saboda haka, idan kina shan wannan magani, tambayi ma'aikaciyar da ke ba ki ko akwai irin wannan zama, ki je ko da sauraro ne. Idan kai miji ne, raka ta awon ciki a gwada ku tare. Ku kuma masu shirya taron lafiya a unguwanni da makarantun Islamiyya, ku riƙa ba wanda ke rayuwa da ciwon kujera kusa da ta likita, idan ya yarda da kansa.

Baƙuwata ta yi mini alkawarin za ta zo zaman wata mai kamawa. Na ajiye mata robarta a aljihun tebur.

Sai mun haɗu a mako na gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.