Ga Dam a Ƙofar Gida, Ga Famfo Yana Hamma

Yau ma da asuba na murɗa famfon gidanmu a Dutsin-Ma, ya yi tari sau biyu, ya huro mini iska. Iska! Da ita zan yi alwala?

Ɗan'uwa, ka tuna fa inda muke zaune. Tun 1983, zamanin Shagari, aka kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, ga ta nan kwance a bayan gari kamar teku. Wanda aka haifa a shekarar ya yi furfura, wani har ya aurar da 'ya. A 2021 Buhari da kansa ya zo ya ƙaddamar da aikin ruwan, aka yi kiɗa, aka yanka ƙyalle, muka ce wahala ta ƙare. Ina! Har gobe a layinmu ɗan ga-ruwa ne hukumar ruwa, kurarsa ce bututunmu. Ya makara, ba girki. Ya yi zazzaɓi, yara su tafi makaranta ba wanka. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Mai hali ya haƙa burtsatse ya ja bakinsa ya yi shiru, har yana sayar mana da jarka. Talaka ya haƙa rijiya. A ina? A tsakar gida, taku biyar daga masai. Masana sun ce a bar tazarar mita 30 tsakaninsu, to a fili mai ƙafa hamsin-hamsin ina za ka samo ta, a ɗakin maƙwabci? Damina ta sauka, ƙasa ta jiƙe, abin da muka zubar da dare shi muke jawowa da guga da safe. Sannan mu riƙe baki muna mamakin taifot. Kwalarar 2021 ta kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar nan, ba aljanu ne suka kawo ta ba.

Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya saki ruwan wankansa a tsakiyar lungu? Wa ya cushe kwata da ledar fiya wata da bola, ya koma masallaci yana cewa tsafta cikon addini ce? Mu ne. Ni da kai.

Amma mu aka hana ruwan tsaftar. Masu zuwa neman ƙuri'a da alkawarin famfo, wannan karon kada ku zo da naku ruwan roba. Na rijiyarmu za mu ɗebo muku a moɗa. Ku sha, sannan mu yi magana.